Daga Waya Zuwa Maɗaba'a: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Marubucin Hausa

Tambayoyin nan ba sa ƙarewa a bakin sababbin marubuta, maza da mata, ko a zaman karatu ko a saƙon waya. An fi mai da hankali kan ƙagaggen labari domin nan cunkoson yake, amma mai waƙa da mai rubutun ilimi ma za su tsinci abin da ya shafe su. Marubucin Hausa na yau shi ne kamfanin kansa. Aikin da kamfani yake yi a da, wato gyara da lissafi da tsare haƙƙi, ya dawo wuyansa, kuma yawan mabiya a Facebook ba ya sauke masa ko ɗaya daga ciki.

Na kammala labarina. Wane kamfani zan kai wa ya wallafa mini?

Kafin a zo maganar kamfani, gara ka san yadda aka iso nan. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun hukuma ya fara. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasa, aka zaɓi labarai biyar aka buga. An kafa kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta yi zamaninta a shekarun 1950, sannan kamfanin wallafa littattafai na Arewa, NNPC ta Zariya, ya zo a 1966. A wancan tsari rubutu kawai marubuci yake yi. Ya miƙa, a tace, a buga, a kai makarantu, a aiko masa da kasonsa.

A shekarun 1980 tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka tattara hankalinsu kan littattafan makaranta da suke da tabbacin za a saya. Matasan Kano ba su zauna jira ba. Suka riƙa tara kuɗinsu su kai maɗaba'a, su ɗauko littafi su kai kasuwa da kansu. Shi ne abin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, kuma yawancin marubutan da ka tashi kana jin sunansu ta nan suka fito.

Har yau kamfanonin da za su karɓi labarin sabon marubucin Hausa su zuba kuɗinsu a kai ba su da yawa. In rubutunka irin wanda zai iya shiga manhajar makarantu ne, gwada su, domin littafin da WAEC ko NECO ko JAMB suka sa a jerinsu yana da kasuwa ta shekaru. Tura musu taƙaitaccen bayanin labarin a shafi guda, da babi biyu ko uku na farko, da 'yan layuka kan kai wane ne. Kada ka miƙa kwafinka ɗaya tilo. Ka kuma sa a ranka amsa na iya ɗaukar watanni. In ba irin wannan rubutu ba ne, hanyoyi biyu suka rage: ka buga da kuɗinka, ko ka saki a onlayin.

Wani kamfani ya ce zai wallafa mini amma sai na biya. Damfara ce?

Ba lallai ba, amma ka san da wa kake magana. Mai maɗaba'a inji yake da shi: ka biya shi, ya buga, ka kwashe kayanka, shi ke nan. Littafin naka ne, riba da asara naka ne. Mawallafi na gaskiya kuwa shi yake zuba kuɗi, ya gyara, ya buga, ya rarraba, ya ba ka wani kaso na abin da aka sayar, galibi wajen kashi 10 cikin 100. Kowanne halal ne.

Inda ake cutar mutane shi ne a tsakiya: wanda zai karɓi kuɗin bugu daga hannunka, sannan ya rubuta cewa haƙƙin littafin nasa ne, ko ya riƙe kwafin yana ba ka da ɗai-ɗai. Idan kai ka biya, haƙƙi naka ne, duk kwafin naka ne, fayil ɗin da aka tsara ma naka ne. A rubuta haka a takarda kafin ka tura ko kwabo.

Ƙawayena sun karanta sun ce ya yi daɗi. Sai na sake ba wani ya gyara?

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, kuma nan ne na fi son ki tsaya. Ƙawayenki suna son ki ne, abin da suka gaya miki ke nan. Yawancin littattafanmu ba rashin labari ke kashe su ba, akwai masu basirar da in suka fara ba ki iya ajiye waya. Gaggawa ce ke kashe su. A gama rubutu da daddare a saki da safe.

Gyara hawa uku ne, kuma ba a haɗa su a zama ɗaya. Na farko gyaran labarin kansa. Yarinyar da aka ce marainiya ce a babi na biyu, yaya aka yi mahaifinta ya ɗaura mata aure a babi na ashirin? Ina ƙanin mijin da aka ɓata shafi goma ana siffanta shi, aka kuma manta da shi? Me ya sa aka kwashe shafi uku ana lissafa kayan lefe da irin girkin da aka jera a tebur, alhali mutuwar uwa an gama ta a layi biyu? Wannan gyara yana buƙatar mai karatu da ba ya jin nauyinki, kuma sau da yawa yakan ƙare da a yanke kashi ɗaya cikin huɗu na littafin. Zai yi miki ciwo. Ki yanke.

Na biyu gyaran jimla: maimaici, da jimlar da ta yi tsawo har ta manta inda ta faro, da Turancin da aka cusa inda Hausa take da kalmarta. Idan ɗan boko ne yake magana a labarin, ya yi surkinsa, haka yake yi a zahiri. Amma muryar mai ba da labari ta tsaya a Hausa. Haka ma karin harshe: tsohuwar Sakkwato ta yi Sakkwatancinta, ɗan Damagaram ya yi nasa, wannan ado ne. Bayanin marubuciya shi ake so ya bi daidaitacciyar Hausa, don mai karatu na Kumasi da na Maraɗi su gane daidai wa daida.

Na uku ƙa'idar rubutu. "Ya ce" kalma biyu ce, haka "zan je", "ba zan zo ba" kuwa kalma huɗu ce. Haruffa masu lanƙwasa kuma ba kwalliya ba ce, domin "baki" daban "baƙi" daban, kuma wanda ya "kasa" ba shi ne ya faɗi "ƙasa" ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ki sa shi a wayarki yau. Ki ajiye ƙamus kusa, irin wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. In kina da hali, ki biya wanda ya karanci Hausa ya bi miki layi-layi. In babu, ki yi musaya da wata marubuciyar: ta duba naki ki duba nata. Sannan ki karanta littafin da ƙarfi, ke kaɗai a ɗaki. Duk inda harshenki ya sarƙe, akwai gyara.

In fara da takarda ko da onlayin?

Ga mai farawa, onlayin. Ba ya buƙatar jari, kuma cikin 'yan makonni za ka san ko mutane suna komawa su nemi ci gaba. Takarda tana zuwa ne bayan ka san akwai masu jiran ta. Amma kada ka raina ta: ɗakin karatu da makaranta da mai nazari a jami'a littafin hannu suke nema, kuma shi ne zai rage bayan an canza waya sau goma.

Yaya ake sayar da littafi ta WhatsApp da Telegram?

Tsarin da aka saba shi ne a saki shafukan farko kyauta, a tsaya a inda labari ya ɗau zafi, a ce mai son ci gaba ya biya. Mai karatu ya tura kuɗi ta banki, ya aiko hoton shaidar biya, a sa shi a guruf na waɗanda suka biya, inda ake sakin shafi kullum ko bayan kwana biyu. Duk wadda ta taɓa riƙe irin wannan guruf ta san yadda darensa yake: ƙarfe takwas ta wuce, saƙonni na shigowa, "Anti shiru har yanzu", "don Allah a ƙara mana tsawo", ga wata can ta turo shaidar biyan da aka riga aka turo jiya da wani suna, ga cajin waya ya yi ƙasa.

Shawarata ta farko, kuma ba na sassauta ta: kada ki karɓi kuɗin kowa a kan littafin da ba ki gama ba. Ciwo yana zuwa, haihuwa tana zuwa, waya tana faɗawa ruwa. Littattafai nawa ne aka karɓi kuɗinsu suka tsaya a tsakiya? Kuɗin nan amana ne, kuma mai karatun da aka yi wa haka sau ɗaya ba ya dawowa, har ya hana wasu. Bayan haka, wadda take rubuta shafin yau don ta saki yau ba ita ke jan labarinta ba, masu sharhi ke ja. Su ce a kashe kishiya, ta kashe. Su ce a ƙara, ta yi ta ja har labarin ya tsinke.

Ta biyu, shafukan kyauta su zama na gaske. Kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu na littafin ba asara ba ne. Mutum yana biya ne idan ya riga ya damu da mutanen cikin labarin.

Ta uku, lissafi. A ce kin sa naira 500, mutum 200 suka biya: naira 100,000 ke nan. Cire kuɗin data, da na mai gyara, da na mai zana bango, sannan ki raba abin da ya rage da watannin da kika yi kina rubutu. Ki sami littafin rubutu ki shigar da sunan duk wanda ya biya da ranar da ya biya, kuma ki duba asusunki da idonki kafin ki sa mutum a guruf, don hoton shaida ana ƙirƙirar sa.

Ta ɓangaren manhaja, guruf na WhatsApp ba ya wuce mutum 1,024, kuma kowa yana ganin lambar kowa, abin da yake jawo wa mata masu karatu damuwa daga marasa kunya. Telegram yana ɗaukar har mutum 200,000, yana kuma da wurin da za ki kunna a hana turawa da ajiye abin da kika saka. Matsalarsa ita ce yawancin masu karatunmu WhatsApp suka fi sabawa da shi.

Na saki littafin kuɗi, kwana biyu na gan shi yana yawo kyauta. Me zan yi?

Wannan ciwon kowa ne, kuma babu maganin da zai kawar da shi gaba ɗaya. "Allah Ya isa" da ake rubutawa a saman kowane shafi yana tsorata mai tsoron Allah, amma mai tattara shafuka ya mai da su fayil guda ya watsa ya daɗe da daina karanta wannan layin.

Doka tana bayanki. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba ki haƙƙi tun daga lokacin da kika rubuta, ko kin yi rajista ko ba ki yi ba, kuma haƙƙin yana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayanta, ya zama gadon 'ya'yanki. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, NCC, tana da tsarin rajista ta intanet. Ba dole ba ne, amma takardar tana ƙarfafa hujja ranar da aka yi jayayya. A Nijar hukumar BNDA ce ke wannan aiki. Facebook da YouTube duk suna da fom na kai ƙarar satar fasaha, kuma suna sauke abu idan hujja ta tsaya. Ki ajiye rubutunki na asali da kwanan watansa, ki riƙa tura wa kanki ta imel.

A aikace kuwa, abin da ya fi rage ɓarna shi ne ki sauƙaƙa wa mai son biya. Farashin da bai fi ƙarfin ɗaliba ba, amsa saƙo da wuri, shafi a kan lokaci. Ki sa sunanki da hanyar samunki a cikin jikin littafin, a wurare da dama, ta yadda ko an sace shi zai kawo miki wasu. Kuma kada ki bar rubutu ki koma farautar ɓarayi a guruf-guruf, ƙarfinki zai ƙare a can.

Mene ne ISBN? Dole ne?

Lamba ce mai alƙaluma 13 da ke bambanta littafinka da kowane littafi a duniya. A Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita, kuma yana da rassa a jihohi. Littafin da za a raba a WhatsApp kawai ba ya buƙatar ta. Wanda za a buga a kai kantuna da makarantu yana buƙata. Na takarda da na lataroni kowanne da lambarsa. Ka karɓa da kanka ko ta hannun wanda ka amince da shi, domin akwai masu ɗauko lambar wani littafin su manna maka. Doka ta kuma ce mai wallafa mai zaman kansa ya kai wa ɗakin karatun kwafi uku na abin da ya buga. Ka kai. Bayan shekara hamsin wataƙila su kaɗai za a samu.

Kwafi nawa zan buga, kuma wa zai sayar mini?

Kaɗan. Mai maɗaba'a zai gaya maka cewa in ka buga dubu kowane kwafi zai fi araha a kan in ka buga ɗari, kuma gaskiya ya faɗa, domin kuɗin faleti, wato farantin da ake ɗora rubutun a kai a sa a inji, da na kunna inji ɗaya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne kwafi ɗari takwas za su iya shekara uku a ƙarƙashin gadonka suna shan ƙura da gara. Yanzu akwai injinan da ke buga hamsin ko ɗari kai tsaye daga kwamfuta. Fara da su. Mafi kyau ma ka sanar tun kafin bugu, masu so su biya, ka buga da kuɗinsu ka ɗan ɗora.

Ka je maɗaba'a biyu ko uku ka ji farashi. Ka taɓa takardar da hannunka, ka ɗaga ta a haske ka ga ko rubutun baya yana lekowa. Ka tambaya ɗinkin waya za a yi ko ɗaurin gam, kuma ka buɗe wani littafin da suka ɗaure ka ga ko shafuka na zubewa. Ka dage a fitar maka da samfuri guda ka karanta shi tun daga bango har bango kafin a saki inji, musamman don haruffa masu lanƙwasa, waɗanda sukan rikiɗe su koma akwati-akwati idan kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi.

Diloli kuwa, a Kano ko Kaduna ko Gusau, yawanci "sai an sayar" suke karɓa. Za ka ga an ƙirga littattafanka dozin-dozin an ɗaure da igiya an ɗora a kan tuli, an ce ka leƙo bayan wata guda. Kada ka tafi sai an rubuta adadi da farashi da rana, kai da shi kun sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Akwai dilolin kirki da suka riƙe marubuta shekara da shekaru, amma rubutun yana kare zumuncinku ne.

Wace kafa ta fi dacewa da tallar littafi?

Wadda masu karatunka suke. Facebook ya fi dacewa da dogon rubutu da muhawara, kuma nan manyan marubuta da malaman jami'a suke. WhatsApp nan ake ciniki. TikTok yana kai ka ga matasan da ba su taɓa jin sunanka ba, in kana iya karanta sakin layi guda da murya mai daɗi cikin minti ɗaya. Wattpad yana tara labari a jere, babi bayan babi, yadda sabon mai karatu zai faro daga farko. Akwai kuma manhajojin sayarwa irin su ArewaBooks da Selar. Biyu sun ishe ka. Wanda ya buɗe shida ba ya riƙe ko ɗaya.

Sai dai ka riƙe wannan: duk waɗannan rumfunan haya ne, mai kasuwa yana iya rufewa ranar da ya ga dama. OkadaBooks, da marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023 bayan shekara goma tana aiki. Ana kulle shafin Facebook, ana sace lambar WhatsApp. Saboda haka ka kunna matakin tsaro na biyu a kowane asusu, kada ka ba kowa lambobin da aka turo maka ta saƙo ko da ya ce daga ƙungiyarku yake, ka ajiye littattafanka a wuri biyu da ba waya ba, ka kuma mallaki jerin masu karatunka na gaske, da izininsu, a wajen manhajar.

Me zan riƙa sakawa? Ina jin kunyar in yi ta cewa a sayi littafina.

Kunyar tana da dalili, domin shafin da ba komai a cikinsa sai "a saya, a saya" mutane wucewa suke yi. Abin da ke tsayar da mai karatu shi ne ɗanɗano. Saka sakin layi guda mai ƙarfi daga littafin, ba tare da dogon bayani ba. Ba da labarin yadda ka je wajen masu jima ko ma'aikatan asibiti ka tambayi yadda aikinsu yake don babi guda. Kawo matsalar da tauraruwarka ta shiga ka tambayi mutane me za su yi in su ne. Yi maganar littafin wani da ka karanta ya burge ka, da gaske, ba don ya rama maka ba. A cikin irin wannan, sanarwar sayarwa in ta zo ba ta yi wa kowa nauyi, kuma ta zo a fili: sunan littafi, farashi, yadda za a biya, yaushe za a samu.

Bango yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a waya ƙarami ake ganin sa. Suna ya fito a karanta shi ba tare da an buɗe hoton ba. Kuma a daina ɗauko hoton 'yar fim ko na wata baiwar Allah daga intanet a manna. Ba ta ba ka izini ba, wataƙila ma matar aure ce.

Akwai ranakun da hankalin mutane yake kan harshe da littafi, kamar Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, da Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu. Ka shirya musu tun da wuri. Kada ka sayi mabiya, ba sa karatu. Kada kuma ka jefa mutane a guruf ba da saninsu ba, ko ka bi su da talla ta saƙon sirri da tsakar dare.

Wani mai tashar YouTube yana son karanta littafina, wani kuma ya ce zai mai da shi fim. In yarda?

Ki yarda in sharuɗɗan sun yi miki, amma a rubuce. Karatun littafi a YouTube ya kai labaranmu ga dubban mutanen da ba sa karatun boko, da matan da ke saurare suna aikin gida. Mai tashar kuma kuɗi yake samu, tunda tashar da ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara tana iya shiga tsarin talla. Don haka "zan tallata ki" kaɗai ba farashi ba ne.

Ki bambance sayarwa da ba da izini. In kin sayar da haƙƙi, ya tafi. In izini kika bayar, ki faɗi na mene ne, na wane tsawon lokaci, kuma shi kaɗai ne ko kina iya ba wani. Izinin karantawa da murya daban, na fim daban, na fassara daban, kada a dunƙule miki su a jimla ɗaya. Dokar Nijeriya ma ba ta amincewa da sayar da haƙƙi ko izinin keɓe sai a rubuce. Ga mai fim, a rubuta nawa ne, yaushe za a biya, yadda sunanki zai fito, da cewa in bai yi fim ɗin cikin lokaci kaza ba labarin ya dawo hannunki. Ki tafi da wani babba naki ko lauya ranar sa hannu.

An ce sai da batsa littafi yake sayuwa. Haka ne?

Yana jawo 'yan kallo da sauri, wannan ba a musu. Amma irin masu karatun da yake tarawa ba sa bin marubuciya, abin suke bi, gobe in wata ta fi ki zafafawa sun koma can. Ke kuma an riga an san ki da shi, kuma rubutun intanet ba ya gogewa. Ana iya rubuta soyayya da zaman aure, har da fyaɗe da cin zarafi, a girgiza mai karatu ba tare da an yaye labule ba, kuma wannan ita ce gwanintar. Ki tuna 'yan mata 'yan sakandare suna cikin masu karanta ki. Mai niyyar sayar da littafin takarda a Kano kuma ya san akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ya je ya ji sharuɗɗanta kafin ya kai aiki maɗaba'a.

Shiga ƙungiya da gasa yana da amfani?

Yana da shi, in ƙungiyar tana karanta rubutu tana gyarawa. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, da Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zaman karatunsu wuri ne da za a gaya maka gaskiya ido da ido. Ƙungiyoyin onlayin suna da yawa, wasu makaranta ne sosai, wasu kuwa sunansu kawai ake jerawa a saman shafi. Ka zauna wata guda ka lura: ana gyara ko yabo kawai ake yi?

Gasa tana koya maka abin da guruf ba ya koyarwa, wato taƙaitawa da cika wa'adi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta mata zalla, tun 2016 take fito da sunayen da ba a san su ba. Cibiyar Gusau da ke Kaduna ma tana shirya gasar marubutan Hausa. Ka karanta ƙa'idoji sau biyu, domin labarai masu kyau suna faɗuwa saboda sun wuce adadin kalmomi ko an riga an sake su a wani wuri. Bukukuwan littafi irin su KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, da HIBAF na adabin Hausa da aka fara a 2021, wurare ne na haɗuwa da editoci da masu fassara. Gasar da ta ce ka biya kuɗi mai yawa, ko ka tara mata ƙuri'u da kuɗi, ka bar ta.

Wani ya kushe littafina a bainar jama'a. In mayar masa?

Bari sai gobe. In ka sake karantawa ka ga ya nuna wuri takamaimai, ya ce nan labari ya yi rauni saboda kaza, ka gode masa ko da bai iya baki ba, ya yi maka aikin da ake biya. In zagi ne, ka toshe shi ka wuce. Kada ka tura masoyanka su far masa. Masu kallo ba za su tuna wa ya fara ba, sunanka kawai za su tuna a cikin rigimar.

Ina da masu karatu a Nijar da Gana da Kamaru. Yaya za su biya, yaya littafi zai kai gare su?

Kada ka bar su a baya, suna da yawa kuma suna da riƙon marubuci. Matsalar ita ce kuɗin ba ɗaya ba ne: naira a nan, sefa a Nijar da Kamaru da Chadi, sidi a Gana. Abin da marubuta da yawa suke yi shi ne su sami amintaccen wakili a can, a tura masa ta hanyoyin aika kuɗi na ƙasar, irin su Nita da Amana a Nijar ko kuɗin waya a Gana, shi kuma ya tara ya aiko a dunƙule. Ka faɗi farashin da kuɗin ƙasarsu a fili, ka riƙa sabunta shi idan canji ya motsa, kuma ku yi yarjejeniya da wakilin kan ladansa tun farko. Littafin takarda yana bin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram. A naɗe shi da leda saboda damina, a rubuta lambar mai karɓa a jiki, a tura masa lambar direba da ta motar tun kafin ta bar tasha.